Littafi Ɗaya, Karatu Biyu: Tarihin Saɓanin Kiristoci Kan Ayoyin Luwaɗi



A watan Disambar 2024 na shiga motar haya daga Shanga zuwa Yelwa, mun cika ta maƙil, ga buhunan albasa a baya, ga kwandon busasshen kifi a kan cinyar wata baiwar Allah. Direba ya kunna rediyo, sai aka kawo labarin wani ƙauye a jihar Taraba inda mutanen da a da suke coci ɗaya suka far wa juna har aka yi asarar rayuka. Wani dattijo da ke gefena, mai wa'azin bishara a wani ƙauyen Kambari da ke ƙasar Ngaski, ya girgiza kai ya ce, "Littafi ɗaya fa muke riƙe da shi." Wani saurayi daga kujerar baya ya ce, "Baba, ai Turawa ne suka canja shi." Dattijon ya waiwaya ya ce, "Ɗana, ko wasali ɗaya ba su goge ba. Karatun ne ya bambanta."

Wannan magana ce ta sa na bi diddigin al'amarin. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, ai rigimar coci ce. To amma waɗannan mutane da su muke cin kasuwa ɗaya, da su muke tsallaka ruwa a jirgi ɗaya, kuma wanda bai san abin da ke damun maƙwabcinsa ba, ranar da wuta ta tashi ba zai san inda zai watsa ruwa ba.

Yadda littafin ya iso bakin ruwa

Littafi Mai Tsarki ta kogin Kwara ya biyo zuwa wannan yanki. Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka 'yanto daga bauta yana yaro, yana cikin jirgin da ya fashe kusa da Jebba a 1857, kuma a 1864 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin bishop a ɗarikar Angalika. A 1905 wani ɗan Kanada mai suna Banfield ya kafa mishan a Shonga ta ƙasar Nufe, ba Shanga tamu ba. Magadansa ne suka hauro zuwa Salka da Zuru da Yelwa, suka buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da Hausa a Salka, kuma daga aikinsu aka sami cocin da ake kira UMCA. A 1932 aka buga cikakkiyar fassarar littafin da Hausa, wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi mata aiki mai yawa tare da abokansa.

Ke nan Bakambare da Bagunge da Badakkare da suka karɓi Kiristanci, yawancinsu da Hausa suka fara karanta littafin, kuma abin da mishan suka koya musu shi ne: wannan maganar Allah ce, abin da ta hana ya hanu. A riƙe wannan, domin a nan gizo yake saƙar.

Wuraren da ake jayayya a kai

Wuraren da suka taɓo batun kai tsaye ba su da yawa, galibi shida ake ƙirgawa. Akwai labarin Saduma da Gwamrata a Farawa sura 19, wato mutanen Annabi Luɗu, wanda daga sunansa muka sami kalmar luwaɗi. Akwai biyu a Littafin Firistoci, 18:22 da 20:13. Sauran ukun suna cikin wasiƙun Manzo Bulus: Romawa 1:26-27, 1 Korantiyawa 6:9-10, da 1 Timoti 1:10.

Masu tsohon karatu, waɗanda su ne kusan duk majami'un ƙasar nan, suna cewa magana a fili take. Littafin Farawa ya nuna an halicci namiji da mace aka haɗa su aure, Yesu Almasihu ya maimaita haka a Matiyu sura 19, Attaura ta hana namiji ya kwana da namiji, Bulus kuma ya jaddada hanin har ya haɗa da mata. Suka ƙara da cewa kusan shekara 2,000 ikilisiya ba ta san wani karatu ba sai wannan.

Masu sabon karatu ba su ce ayoyin babu su ba. Abin da suke tambaya shi ne, a kan me ayoyin suke magana? A 1955 wani limamin Angalika a Ingila, Derrick Sherwin Bailey, ya fitar da littafin da ya buɗe ƙofar wannan tambaya, sannan wani masanin tarihi na Amurka, John Boswell, ya faɗaɗa ta a 1980. Masu wannan ra'ayi suka ce laifin mutanen Saduma shi ne yunƙurin keta haddin baƙi da ƙarfin tsiya, suka kafa hujja da Ezekiyel 16:49 inda aka lissafa laifin garin da girman kai da ƙoshi da ƙin taimakon matalauta. Suka ce Littafin Firistoci ya hana cin naman alade da sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu, kuma Kiristoci ba sa bin waɗannan. Game da Bulus kuwa, suka ce abin da ya zama ruwan dare a zamaninsa shi ne manya na lalata da yara maza da bayi, ba zaman manya biyu da suka yi wa juna alkawarin rai da rai ba. Suka tuna wa abokan jayayyarsu cewa an taɓa kare cinikin bayi da ayoyi, daga baya coci ta gane ta yi kuskure.

Masu tsohon karatu ba su yi shiru ba. Malamai irin su Richard Hays a 1996 da Robert Gagnon a 2001 sun mayar da martani. Daga cikin amsoshin wannan ɓangare akwai cewa aya ta 50 ta surar Ezekiyel ɗin ta ambaci aikata abin ƙyama, wasiƙar Yahuza ma ta danganta Saduma da fasikanci. Taron manzanni da ke Ayyukan Manzanni sura 15 ya sauke wa waɗanda ba Yahudawa ba nauyin kaciya da mafi yawan dokokin Attaura, amma ya bar haramcin fasikanci daram. Sannan Romawa ta yi maganar maza da ke sha'awar junansu, ba wanda aka tilasta ba.

Har kalma guda an yi shekaru ana fafatawa a kanta. Bulus ya yi amfani da wata kalmar Girkanci, arsenokoitai, wadda ba a san wanda ya rubuta ta kafinsa ba. Haɗin kalmomi biyu ce, "namiji" da "shimfiɗa". Wasu suka ce tun da baƙuwa ce, ba za a yi saurin yanke ma'anarta ba, suka nuna cewa sai a 1946 wata fassarar Ingilishi ta fara sa kalmar zamani da Turawa ke kiran masu neman jinsinsu a wannan gurbi. Wasu kuma suka ce kalmomin biyu suna jere da juna a tsohuwar fassarar Girkanci ta Firistoci 20:13, don haka daga can Bulus ya ɗauko, ma'ana kuwa ba ta ɓuya ba.

Tun ran gini, tun ran zane

Abin mamaki, taron bishop-bishop na Angalika da ake kira taron Lambeth, inda wannan rigima ta fashe, rigimar karatu ce ta haife shi, kuma daga Afirka ta taso. John Colenso, Baturen bishop na Natal a Afirka ta Kudu, yana fassara littafin zuwa Zulanci sai mataimakinsa Bazule, William Ngidi, ya tambaye shi ko da gaske ya yarda labarin jirgin Nuhu ya faru kamar yadda aka rubuta. Tambayar ta shige shi, har a 1862 ya buga littafi yana shakkar wasu labaran Attaura. Aka yi ca a kansa, kuma hayaniyar tana cikin dalilan kiran taron Lambeth na farko a 1867.

A taron 1888 kuma batun aure ne ya taso, amma auren mace fiye da ɗaya. Aka yanke cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba muddin yana tare da su. Iyalai da dama a Afirka sun watse saboda wannan hukunci, kuma sai da aka shekara 100 cif, a taron 1988, aka sassauta shi bisa sharuɗɗa. Kiristan Afirka bai manta ba. Da Turawa suka zo daga baya suna cewa a duba al'adar zamani wajen fassara hukuncin aure, amsar da aka ba su ita ce: lokacin da al'adar tamu ce, kun ce littafi ya fi al'ada, yanzu da ta zama taku sai littafi ya sunkuya?

A tsakanin nan ma'auni ya juye. Cocin Angalika na Nijeriya ya sami cin gashin kansa a 1979. A 1990 aka buɗe sababbin dayosis takwas a Arewa, ciki har da Sakkwato, wadda a lokacin Yawuri da Shanga ke ƙarƙashinta, bishop ɗinta na farko kuwa shi ne Josiah Idowu-Fearon. A 1996 aka ba Kebbi tata. Majami'un Ingila da Amurka suna raguwa, na Nijeriya da Yuganda da Kenya suna cika suna batsewa.

Daga 1998 zuwa rabuwar tafarki

A ranar 5 ga Agustan 1998 taron Lambeth ya kaɗa ƙuri'a kan ƙuduri mai lamba 1.10. Bishop 526 suka amince, 70 suka ƙi, 45 suka ƙaurace. Ƙudurin ya ce aure tsakanin namiji da mace ne, yin luwaɗi bai dace da koyarwar littafi ba, kuma ba za a sa wa irin wannan zama albarka ko a naɗa masu yinsa limamai ba. Amma yana da wani rabi da aka cika mantawa da shi: ya yi alkawarin sauraren masu wannan hali, ya tabbatar musu Allah na ƙaunarsu, ya kuma yi tir da tsoronsu marar dalili. Tun daga ranar kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi.

Taron bai tashi lami lafiya ba. Wani bishop na Amurka, John Spong, ya yi hira da jarida inda ya siffanta Kiristancin Afirka da camfi, maganar da ta ƙona ran 'yan Afirka. A ɗaya gefen kuma Bishop Emmanuel Chukwuma na Inugu ya ɗora hannu a kan wani ɗan fafutuka na Ingila, Richard Kirker, a gaban 'yan jarida, yana addu'ar fitar masa da aljani. Daga nan kowa ya san raini ya shiga tsakani.

A ranar 2 ga Nuwamban 2003 cocin Angalika na Amurka ya naɗa Gene Robinson, wanda a lokacin yake zaune da abokin zamansa namiji a fili, bishop na New Hampshire. Wanda ya ja ragamar adawa shi ne Akbishop Peter Akinola, shugaban cocin Nijeriya daga 2000 zuwa 2010, mutumin Abekuta da ya yi karatun limanci a Bukuru kusa da Jos. Ya yanke hulɗa da cocin Amurka. A 2005 cocin Nijeriya ya gyara tsarin mulkinsa ya cire sharaɗin alaƙa da kujerar Kantabari, wadda ita ce uwar ɗarikar, ya maye gurbinsa da alaƙa da duk wanda ya riƙe tsohuwar koyarwa. A 2006 aka naɗa wani Bature, Martyn Minns, bishop a Abuja, aka tura shi Amurka ya kula da majami'un da suka ɓalle suka dawo ƙarƙashin Nijeriya. Jama'a, a duba yadda duniya ta juya: kogin da ya kawo mishan shi ne yanzu yake fitar da su.

A watan Yunin 2008 masu wannan ra'ayi suka yi nasu taron a Birnin Ƙudus, suka kafa ƙungiyar GAFCON, shugabannin cocin Nijeriya kuma suka ƙaurace wa taron Lambeth na shekarar da na 2022. Da cocin Ingila ya amince a Fabrairun 2023 a riƙa yi wa masu auren jinsi addu'ar albarka, GAFCON ta taru a Kigali a watan Afrilu ta ce ba ta ƙara ɗaukar Akbishop na Kantabari jagora ba. A Oktoban 2025 ta sanar cewa ta raba gari da duk majalisun ɗarikar da ke ƙarƙashinsa.

Saɓanin cikin gida

Kuskure ne a ɗauka cewa Turawa na gefe guda, 'yan Afirka na gefe guda. A Amurka da Ingila akwai miliyoyin masu tsohon karatu. A Afirka kuma Akbishop Desmond Tutu, har ya rasu a 2021, yana kwatanta tsangwamar masu neman jinsinsu da wariyar launin fata. A nan gida, Davis Mac-Iyalla ya kafa ƙungiyar 'yan Angalika masu wannan hali a 2005, daga baya ya sami mafaka a Ingila a 2008.

Amma saɓanin da ya fi shafar Arewa na daban ne. A ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla shi, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko mara musu baya. Kafin ita ma akwai hukuncin shekara 14 a kundin laifuffukan da muka gada daga Turawan mulkin mallaka, alhali ita Ingila ta fara soke nata tun 1967. Manyan majami'u suka yi na'am da dokar. Sai ga Idowu-Fearon, tsohon bishop ɗin Sakkwato wanda ya koma Kaduna a 1998, mutumin da ya karanci addinin Musulunci a jami'a kuma ya shahara da sasanta Musulmi da Kirista, an naɗa shi babban sakataren ɗarikar Angalika ta duniya a 2015. Ya ce yana nan kan ƙudurin 1998, amma bai goyi bayan dokar da ke ɗaure mutane a kan wannan ba. Cocin Nijeriya ya fitar da sanarwa ya ce ba da yawunsa ya karɓi muƙamin ba. Ya riƙe kujerar har 2022. Ga mutum biyu, karatunsu na ayar ɗaya ne, amma sun rabu a kan ko zunubi ya zama laifin da ɗan sanda zai kama.

Katolika ma, waɗanda na yankinmu ke ƙarƙashin Kwantagora, sun ɗanɗana. A Janairun 2023 Fafaroma Francis ya ce wannan hali ba laifin da hukuma za ta hukunta ba ne. A Disambar shekarar fadarsa ta ba limamai damar sa wa irin waɗannan mutane albarka ba tare da an ɗauke ta aure ba. Bishop-bishop na Nijeriya suka ce ba za a yi haka a majami'unsu ba, na Afirka baki ɗaya suka bi sahu a Janairun 2024, Fafaroma kuma ya ƙyale su. An saɓa, amma ba a raba gida ba.

Inda aka zubar da jini

Mu koma labarin da muka ji a mota. Cocin Methodist na UMC yana da ƙarfi a jihar Taraba, musamman Jalingo da Karim Lamido, kuma da Hausa ake yawancin sujada. A babban taronsu na duniya da aka yi a Charlotte ta Amurka a Afrilu da Mayun 2024, aka soke jimlar da ke cikin kundinsu tun 1972 mai cewa luwaɗi bai dace da koyarwar Kirista ba, da dokar 1984 da ta hana naɗa masu yinsa limamai. A watan Yuli Bishop John Wesley Yohanna ya fice da magoya bayansa zuwa sabuwar ɗarika mai suna GMC. Wasu suka ƙi binsa, suka ce tsarin ya ba kowane yanki damar bin nasa hukuncin aure, don haka za su zauna a gidan iyayensu. Aka zaɓa musu Ande Emmanuel bishop a watan Disamba.

Sai rigima ta koma kan wa ke da ginin coci, wa ke da makaranta, wa ke da fili. A tsakiyar Disambar 2024 aka yi arangama a ƙauyen Munga Dosa, aka ƙona gidaje, mutum uku suka mutu, biyu daga cikinsu yara ne ƙanana. Kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifi. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, dukkansu biyun sun yarda aure tsakanin namiji da mace ne. Ba a kan ayar suka rabu ba, a kan ko ya halatta ka ci gaba da amsa suna ɗaya da wanda ya karanta ta daban a wata ƙasa mai nisa. Yaran da suka ƙone ba su san Charlotte ba, ba su ma kai shekarun karatu ba.

Da na gama bin tarihin sai na ga tambayoyi uku ne aka cukuikuye wuri guda. Ta farko, me littafi ya ce? Ta biyu, za ka iya zama inuwa ɗaya da wanda ya saɓa maka? Ta uku, aikin hukuma ne ta ɗaure wanda ka ɗauka mai zunubi? A kan ta farko, majami'un Yawuri da Zuru da sauran Arewa bakinsu ɗaya, kuma wanda ya san yadda littafin ya zo musu ba zai yi mamaki ba. A kan ta biyu da ta uku ne manyan malamansu suka bambanta, kuma a kan ta biyu aka rasa rayuka. Duk wanda ya ce maka amsar ta farko ta gama amsa sauran biyun, to tarihin Idowu-Fearon da na Taraba sun ƙaryata shi.

Mu mutanen bakin ruwa mun san raba gari. Lokacin da aka tare kogi a Kainji a 1968, dubban mutane suka bar tsibirai da ƙauyukan kakanninsu, wasu suka yi gabas wasu yamma, amma ranar kasuwa ana haɗuwa a gaisa. Da muka iso tashar Yelwa na ga saurayin nan ya karɓi jakar dattijon ya rataya, suka nufi bakin ruwa suna ci gaba da gardamarsu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kiyaye mu da rigimar da za ta ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wassalam.